Tsakanin 1969 da 1981: wai me ya faru a Amurka kafin ɓullar ƙanjamau?

Sadiq_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa. Jiya bayan isha'i muna hira a majalisa, maganar ƙanjamau ta taso, wani abokina ya kafe a kan cewa cutar ta ɓulla ne saboda Amurka ta sakar wa 'yan luwaɗi mara a shekarun 1970, suka yi ta sheƙe ayarsu. Da na dawo gida na ɗan bincika, sai na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. A 1969 'yan sanda na kai samame mashayarsu a Niyok suna kwashe su a mota, amma kafin 1978 suna da unguwanni nasu, da jaridu nasu, har da zaɓaɓɓen kansila. Shekara goma ba ta cika ba. Ta yaya haka ta faru? Kuma maganar abokina gaskiya ce?

AbuHuzaifa_KD:
Subhanallah. Duk tarihin duniya ka rasa abin tambaya sai wannan? Admin, a goge don Allah.

Admin_Zaure:
Ba za a goge ba. Makon jiya mun yi muhawara a kan cinikin bayi, babu wanda ya ce muna goyon bayan bauta. Dokar zaure tana nan: ba zagi, ba batsa. A ci gaba.

Malama_Binta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da gyara ɗaya: babu wata gwamnati da ta tashi da safe ta sakar musu mara. Kafin 1962 kowace jiha a Amurka tana da dokar hukunta luwaɗi, jihar Ilinoi ce ta fara soke tata. A 1953 shugaba Eisenhower ya sa hannu a wata doka da aka yi amfani da ita wajen korar dubbai daga aikin gwamnati, bisa hujjar cewa Rasha za ta iya riƙe sirrinsu ta tilasta musu leƙen asiri. Cikin waɗanda aka kora akwai Frank Kameny, masanin taurari, a 1957. Bai sake samun aikin gwamnati ba, sai ya mayar da fafutuka sana'a.

Mashayar da ka ambata sunanta Stonewall, tana kan titin Christopher. Kada ka ɗauka wani wuri ne na alfarma. 'Yan Mafiya, wato gungun masu aikata manyan laifuka, ne suka mallake ta, domin mai kuɗin halal ba ya son buɗe wurin da hukuma za ta ƙwace masa lasisi. Babu famfo a wurin da ake zuba abin sha, a cikin baho ɗaya ake ɗauraye kofuna dare guda. Mai gadi sai ya leƙo ka ta wata 'yar huda kafin ya buɗe ƙofa, ka rubuta suna a littafi, mafi yawa sunan ƙarya suke sawa. In 'yan sanda sun doso sai a kunna farar fitila, masu rawa su rabu. A daren 28 ga Yuni 1969 aka kai samame kamar kullum, amma a maimakon kowa ya sulale gida da kai a ƙasa, sai taro ya tsaya a bakin titi. Tura ta kai bango. Aka fara jifa da kwabbai da kwalabe, har 'yan sandan suka koma cikin mashayar suka kulle kansu. An kwashe kwanaki ana tarzoma a unguwar.

Sadiq_Tarihi:
Na gode Anti. To amma dare ɗaya zai juya ƙasa guda?

Malama_Binta:
A'a. Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1950 akwai ƙungiyar Mattachine da Harry Hay ya kafa a Los Anjalas, mata kuma suka kafa tasu a San Faransisko a 1955. Waɗancan lallaba suke yi, su sa kwat da taye su tsaya shiru da kwalaye. Matasan 1969 kuwa sun taso cikin zanga-zangar baƙaƙen fata da ta yaƙin Biyetnam da ta mata, sun koyi yadda ake haɗa taro da yadda ake jan hankalin 'yan jarida. Babban makaminsu shi ne kowa ya fito ya faɗi da bakinsa, domin wanda ya riga ya faɗa ba ka da sauran abin yi masa barazana da shi. Shekara guda bayan tarzomar, 28 ga Yuni 1970, suka yi tattaki da rana tsaka daga unguwar har babban lambun tsakiyar birni. Shi ne asalin gangamin da ake yi duk watan Yuni.

Nura_Kwamfuta:
In ƙara a kan maganar Malama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na likitocin ƙwaƙwalwa. Har 1973 a littafinsu luwaɗi tabin hankali ne, ana kwantar da mutane a asibiti a kai, wasu har da jona musu lantarki. A taron likitocin na 1972 wani likita, John Fryer, ya hau mumbari sanye da abin rufe fuska na roba da gashin kanti, da na'urar sauya murya, ya ce shi likita ne kuma shi ma haka yake. Tsoron rasa aiki ne ya sa ya ɓoye fuska. A Disambar 1973 suka cire shi daga jerin cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta bi sahu ba sai 1990.

AbuHuzaifa_KD:
Kun gani ko? Da ihu da matsin lamba aka sauya, ba da ilimi ba.

Nura_Kwamfuta:
Matsin lamba ya yi aiki, ba na musu. Amma tun 1957 wata masaniya, Evelyn Hooker, ta yi gwaji: ta ba ƙwararru sakamakon gwajin ƙwaƙwalwar maza 60 ba tare da suna ba, rabi masu neman maza rabi ba su ba, suka kasa bambancewa. Kuma cewa abu ba cuta ba ne daban, cewa halal ne daban. Shan giya ma ba tabin hankali ba ne.

Baba_Ohayo78:
Yara, ku bar ni in sa baki, domin gani ya kori ji. Ina cikin ɗaliban da gwamnatin soja ta tura Amurka koyon aikin fasaha, na sauka a wani ƙaramin gari a jihar Ohayo a 1978. Wallahi duk wannan 'yancin da kuke karantawa ni ban gan shi a can ba. Akwai wani Bature da ke kula da kayan aiki a ɗakin gwaje-gwajenmu, mutum mai shiru, shi ya koya mini tuƙi a kan ƙanƙara, ya ba ni aron rigar sanyi da na sauka da 'yar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wata rana muka wayi gari babu shi. Sai daga baya wani ɗan ajinmu ya raɗa mini cewa matar da ke ba shi haya ta buɗe masa wasiƙa, ta watso kayansa waje, magana ta kai wurin aiki. Ko sallama ba mu yi ba, rigarsa tana hannuna har na dawo Najeriya. Lokacin ban ma fahimci me ake nufi ba sosai.

Abin da nake so ku gane, abin ya tattaru ne a wasu 'yan unguwanni na manyan birane. Irin wannan mutumin in an kore shi, motar haya yake shiga zuwa Niyok ko San Faransisko. Shi ya sa unguwannin suka cika maƙil da samari marasa dangi a kusa, babu uwa babu kawu, babu wanda za a ji kunya.

Kuma ina zaune gaban talabijin ranar 27 ga Nuwamba 1978 aka sanar an harbe magajin garin San Faransisko, George Moscone, da kansilan nan Harvey Milk, a cikin ofishinsu. Kwana tara kafin nan ne mutum sama da 900 suka mutu a Jonestown, wani sansani a ƙasar Guyana, mabiya wani mai wa'azi ne da suka tashi daga birnin. Na rubuta wa mahaifina wasiƙa na ce ƙasar nan ta haukace.

Sadiq_Tarihi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Shi ne kansilan da nake nufi. Me ya sa San Faransisko musamman?

Baba_Ohayo78:
Tashar jiragen ruwan soja ce a yaƙin duniya na biyu. Sojan da aka gano shi aka sallame shi da takardar kunya, da yawa a nan aka sauke su, kuma ba su da fuskar komawa ƙauye. Shi Milk daga Niyok ya zo, ya buɗe shagon kyamara a titin Castro, ya faɗi zaɓe sau uku kafin ya ci a 1977. Wata goma sha ɗaya kawai ya yi a kujera. Wanda ya kashe su tsohon kansila ne, Dan White, aka yanke masa shekara bakwai da watanni a kan rai biyu. Ranar da kotu ta yanke, a Mayun 1979, an ƙona motocin 'yan sanda a gaban majalisar birni.

Zee_Kano:
Ni fa tutar nan mai launin bakan gizo nake son sani, ita ma tun lokacin ce?

Malama_Binta:
1978 ce, Gilbert Baker ya ɗinka a San Faransisko. Launi takwas ce da farko, daga baya ta koma shida.

DanBaiwa_Jos:
Kuna ta zagaye-zagaye. Tambayar Sadiq a kan sheƙe aya ce, kuma wannan ɓangaren abokinsa bai yi ƙarya ba. Akwai gidajen wanka da ake biyan kuɗi a shiga a ba ka tawul da makullin ɗaki, a buɗe dare da rana. Ɗaya daga cikinsu, Continental, a ƙarƙashin wani otal a Niyok, har dandalin waƙa yake da shi, a nan mawaƙiya Bette Midler ta fara suna. Akwai waɗanda da bakinsu suka gaya wa likitoci sun yi tarayya da ɗaruruwan mutane. Kuma ba ɓoyewa ake ba, falsafa aka mayar da shi: wai aure da riƙon mutum ɗaya al'adar waɗanda suka danne su ce, don haka yawan abokan kwana shi ne 'yanci. Kada mu shafa wa tarihi mai.

Malama_Binta:
Gaskiya ne DanBaiwa, amma ka ƙara da cewa ba kowa ba. Akwai waɗanda suka zauna da mutum ɗaya shekara talatin ba su taɓa taka irin wuraren ba. Kuma a cikinsu ma an yi rikici a kai. Marubuci Larry Kramer ya fitar da wani littafin labari a 1978 yana sukar wannan rayuwar, ya ce ta cinye ƙauna, suka yi masa ca, har kantin littattafansu na Niyok ya janye littafin. Sannan ka tuna lokacin gaba ɗaya haka yake, maza da mata ma sun saki jiki bayan zuwan ƙwayar hana ɗaukar ciki a 1960.

Lokotoro_Damagaram:
Gaisuwa ga kowa, musamman Baba. Ni aikina ke nan, shekara goma sha huɗu ina duba masu sida, yadda muke ce mata a nan Nijar. Sadiq, ka gaya wa abokinka ya raba abu biyu: inda cuta ta fito, da inda ta samu hanyar gudu.

Ƙwayar ta girmi Stonewall nesa ba kusa ba. Daga birai ta tsallako zuwa mutum a dajin kudu maso gabashin Kamaru, mai yiwuwa wajen farauta da fiɗa, ta bi kogi ta isa Kinshasa wajen 1920. Akwai jinin da aka ɗiba a Kinshasa a 1959, aka ajiye, daga baya aka gwada aka same ta a ciki. Daga Kongo ta je Haiti a shekarun 1960, ta shiga Niyok wajen 1970. Ka ga ta iso daidai lokacin da ƙofofi suka buɗe, babu wanda ya san ta shigo.

Yanzu ka sa kanka a matsayin saurayi na 1975. Kwaroron roba a wurinsa kayan hana ciki ne, shi kuwa ba ruwansa da ciki. Ciwon sanyi da tunjere allurar penisilin ke kashe su cikin mako, har ana ɗaukar zuwa asibiti kamar zuwa aski. Ita kuma wannan ƙwayar takan yi kimanin shekara goma a jiki mutum na tafiya garau. Ba alama, ba gwaji, ba suna. Saboda haka yawan abokan kwana ya hura wutar, ba shakka, kuma irin saduwar ta fi saurin watsa ta. Amma ba su suka haife ta ba.

Ga abin da mutane ba su cika sani ba. A 1978 zuwa 1980 dubban mazan nan sun ba da jininsu don binciken ciwon hanta, a San Faransisko da Niyok, kuma da gwajin da aka yi a kansu aka tabbatar da allurar rigakafin ciwon hanta ta farko, wadda aka amince da ita a 1981. Aka ajiye jinin a firji. Da aka samu gwajin sida sai aka koma kansa: a samfurin San Faransisko na 1978 kusan biyar cikin ɗari ne ke da ita, zuwa 1984 kusan biyu cikin uku na waɗanda aka sake gwadawa. Duk lokacin da na tuna wannan lissafin sai jikina ya yi sanyi.

Zee_Kano:
Likita, ba an ce wani ma'aikacin jirgin sama ne ya kai ta Amurka ba?

Lokotoro_Damagaram:
An ɗora masa, Gaëtan Dugas, ɗan Kanada. Ya mutu a 1984. Binciken da aka wallafa a 2016 ya duba jininsa ya nuna ƙwayar ta daɗe a Niyok kafin ta kama shi. Kuskuren karatu ne ma ya jawo: a takardar bincike an sa masa harafin O, ma'ana daga wajen Kalifoniya yake, aka karanta shi sifili, sai ya zama wai majinyaci na farko.

AbuHuzaifa_KD:
Duk da haka ni a wurina azaba ce Allah ya saukar. Labarin mutanen Annabi Luɗu a bayyane yake.

Malam_Sani_Zariya:
Ɗan'uwa AbuHuzaifa, haramcin aikin babu saɓani a kai tsakanin malamai, kuma ban ga wanda ya halatta shi a zauren nan ba. Amma ka yi hattara da yanke cewa cuta kaza azaba ce a kan mutum kaza, wannan sanin na Allah ne. Ni da hannuna na yi wa jariri sallah a unguwarmu, uwarsa ba ta san namiji ba sai mijinta. Irin wannan maganar ce ta sa mutanenmu suka riƙa ɓoyewa suna mutuwa a ɗaka lokacin da ake ce mata kabari kusa.

AbuHuzaifa_KD:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma fitina in ta sauko ba ta tsayawa kan masu laifi kaɗai, wannan ma a Alƙur'ani yake. Ban janye ba.

MamanIlham_Bronx:
Salamu alaikum, sai yanzu na taso daga aiki. Ni 'yar zangon Kumasi ce, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan Niyok. Shekara biyu na yi ina duba wani tsoho Bature a wani ɗan ɗaki hawa na huɗu, ba lif. Ya zo birnin a 1971 yana ɗan shekara ashirin da biyu da jaka ɗaya, bayan ubansa ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa.

Wata rana ya ce in ɗauko masa littafin lambobin waya a aljihun tebur, yana neman lambar wata ƙanwarsa. Tsohon littafi ne mai baƙin bango, an ɗaure da roba. Ina buɗewa sai na ga kusan kowane shafi an ja layi a kan sunaye, a gefe an rubuta shekara da fensir: 84, 86, 86, 87, 91. Na ce Baba waɗannan fa, sun ƙaura ne? Ya ce ƙirga. Na tsaya a sittin da wani abu saboda hannuna ya fara rawa. Ya ce akwai watan da ya je jana'iza huɗu, kuma wasu gidajen shirya gawa ba sa karɓa, wasu iyayen ba sa zuwa, abokai ne ke wanke majinyaci su ba shi abinci a baki.

Na tambaye shi ko yana nadama. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce shekarun 1970 ne karo na farko da ya yi tafiya a titi bai waiga ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ya ce bai ji daɗinsu ba, amma da wani ya zo ya gaya musu abin da ke tafe da sun saurara, ko wasunsu. Ya san matsayin addinina, na gaya masa tun makon farko, ya yi dariya ya ce uwarsa ma haka take. In na shimfiɗa sallaya sai ya kashe sautin talabijin. Ya rasu a hunturun bara, ƙanwar ba ta zo ba.

Baba_Ohayo78:
Allah sarki. 'Yata, kin tuna mini da mai rigar sanyi. Ko yana cikin wani littafin haka, Allah masani.

Hauwa_Lauya:
Wani abu da ba a taɓo ba: 'yancin na waye? Yawanci na fararen maza ne masu ɗan abin hannu. Wasu mashayun sai su nemi baƙin mutum ya nuna katin shaida biyu ko uku a ƙofa don dai a hana shi shiga. Sylvia Rivera da Marsha P. Johnson, masu shigar mata da suka yi ta kwashe yaran da ke kwana a titi, gefe aka tura su, har an yi wa Rivera ihu a kan dandali a gangamin 1973. Mata masu neman mata ma da yawa suka ware suka ce mazan ba sa jin maganarsu, amma da cuta ta zo su ne suka dawo jinya da ba da jini. Kuma tsoro bai ƙare ba: a Yunin 1973 an cinna wa wata mashaya wuta a Niyu Olins, mutum 32 suka mutu, wasu gawarwakin danginsu ba su zo ɗauka ba. Dokar luwaɗi kuwa ta ci gaba a jihohi da dama har sai da kotun ƙoli ta soke a 2003.

Zee_Kano:
To wai su da 'yan daudun mu abu ɗaya ne?

Malama_Binta:
Ba ɗaya ba ne Zee. Daudu shiga ce da magana da sana'a, tuwo-tuwo, suyar kaji, kawalci a gidajen mata masu zaman kansu, wani lokaci bori. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, kuma ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba, kamar yadda mai neman maza ba lallai ya zama ɗan daudu ba. Ba su taɓa ɗaukar kansu jam'iyyar siyasa mai tuta ba. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya rubuta littafi a kai. Amma wannan wata muhawarar ce, kada mu bar ta Sadiq.

Sadiq_Tarihi:
Na gode kowa. To Likita, yaushe aka gane an shiga uku?

Lokotoro_Damagaram:
5 ga Yuni 1981. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga ɗan gajeren rahoto: samari biyar a Los Anjalas da wani ciwon huhu da ba ya kama mai ƙarfin garkuwa, biyu sun riga sun mutu. Bayan wata guda jarida ta kawo labarin mutum 41 da wata sankarar fata. Sunan da muka sani an sa shi a 1982, aka gano ƙwayar a Faransa a 1983, gwajin jini ya fito a 1985, magani mai riƙe rai sai 1996. Ka lura da wani abu: da har lokacin a ɓoye suke, kowa na yi wa likitansa ƙarya, da an daɗe ba a haɗa majinyatan wuri ɗaya ba. Kuma jaridu da ƙungiyoyin da suka gina a shekara goman nan su suka koma tara kuɗin jinya. A ɗakin Kramer ɗin nan da suka tsana aka yi taron da ya haifi ƙungiyar agaji ta farko, a farkon 1982 ta tsaya da ƙafarta.

DanBaiwa_Jos:
Amma kuma su ne suka yi ta jayayya a kan rufe gidajen wankan, San Faransisko sai Oktoban 1984 aka ba da umarni, Niyok 1985. Shekara uku ana mutuwa ana gardama.

Hauwa_Lauya:
Mutumin da hukuma ta yi shekara da shekaru tana kamawa, ranar da ta zo ta ce rufe don lafiyarka, kana ganin zai yarda nan take? Ban ce sun yi daidai ba. Shugaba Reagan ma bai ambaci cutar a bainar jama'a ba sai 1985.

DanBaiwa_Jos:
Masu gidajen kuɗinsu suke karewa, Barista, ba 'yanci ba.

Sadiq_Tarihi:
Yanzu in na koma majalisa in ce wa abokina ya yi gaskiya ko bai yi ba?

Nura_Kwamfuta:
Tura masa zauren kawai ya karanta da kansa, in yana da data.

Baba_Ohayo78:
An kira magariba a nan. MamanIlham, littafin nan fa, wa ya ɗauka bayan rasuwarsa?